Tsaga Goma a Ƙotar Galma

Akwai mutumin da na daɗe ban gaisar ba, kuma ban ga ranar da zan fara ba. Shi ne hedimastanmu lokacin da nake koyarwa a wata firamare da ke tsakanin Faskari da Sabuwa. Yanzu ya yi ritaya, ya tara gemu, ba a raba shi da sahun gaba. Idan na hango shi a kasuwar Ƙanƙara sai in ratse ta layin 'yan tumatir, ko da ba tumatir ya kawo ni ba. Matata ta sha gaya mini gaba ba kyau ga Musulmi. Na sani, ni ma na zauna gaban malamai. Amma duk wanda zai yi mini wa'azi a kan mutumin nan, ya fara jin abin da ya yi tukuna.

Ni aka ɗora wa darasin tarihi da zamantakewa a aji biyar da aji shida, ba don na fi kowa sani ba, sai don kowa ya guje shi. Kayan aikina littafi ɗaya ne, bangonsa ya tafi, gara ta yi kalaci da shafukan farko. Akwai taswira guda a makarantar, amma hedimasta ya kulle ta a kabad wai kada yara su lalata. Haka zan tsaya gaban allo in yi ta jero sunayen dauloli da yaƙe-yaƙe, yara suna kallona kamar mai tallan magani a tasha. Rabinsu sun taɓa gona kafin su zo, sai gyangyaɗi. Na yi tsawa, na yi bulala, ban ga abin da ya sake ba.

Wata Litinin na dawo daga gida da mazarin kakata a aljihu. A cikin tsofaffin kayanta na tsince shi, na ɗauko don tunawa da ita kawai. Da gyangyaɗin ya ishe ni sai na ciro shi na ɗaga, na ce wa ya san wannan. Ba wanda ya sani. Wani ya ce abin wasa ne, wata ta ce na kitso ne. Na murza shi a kan tebur ya yi ta juyi, na ce da wannan kakanninsu mata suke kaɗa zaren da ake saƙa tufafi. Ranar har aka kaɗa ƙararrawa muna kan auduga da masaƙa da marina da fatake, ba wanda ya rufe ido.

Daga nan na kafa tebur a bayan aji, na ce duk wanda ya ga tsohon abu a gidansu ya roƙo mana aro. Kafin wata ya ƙare mun tara akushi da ƙoshiya da ƙyastu da ɗan dutsen niƙa da wata butar duma mai ɗinki. Kowane abu sai wanda ya kawo ya tashi ya faɗi na wane ne, me ake yi da shi, me ya zo ya ture shi. Yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka fara gardama a kan ko turmi ya girmi dutsen niƙa.

Hedimasta ya tsani teburin nan tun ranar da ya gan shi. Tarkace yake kiransa. A taron malamai ya ce wasu sun mai da aji rumfar 'yan gwangwan, bai kalle ni ba, amma kowa ya kalle ni. Na roƙi kwaɗo don in riƙa kulle ajin, ya ce makaranta ba ta da kwaɗon kulle bola. Don haka kullum in an tashi sai in kwashe kayan a buhu in ɗaure a bayan babur, da safe in dawo da su. Shi kuwa ban taɓa ganinsa riƙe da alli ba. Aikinsa zama a ofis da goge takalmi da sauraron ko wani babba zai zo.

A bakin garin akwai wani tsoho da kowa ke kira Baba. Asalinsa daga wata unguwar Maguzawa ce can cikin daji ta wajen Ruwan Godiya. Mahaifinsa bai yi salla ba har ya mutu, shi kuma ya musulunta tun yana saurayi, wasu ƙannensa suna zuwa coci. Da mutanen daji suka tashi unguwarsu, sai suka dawo gari suka raɓa a wani kango. Ya baro shanu, ya baro rumbuna cike, abin da ya fito da shi a kafaɗa galma ɗaya ce, wato garma, kamar yadda ake ce mata a wasu wurare. Mutane sun yi ta yi masa dariya a kan haka. Idanunsa sun yi yana, ba ya gani sai dishi-dishi, yini yake a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Ta nan hanyata take, kullum nakan tsaya mu gaisa.

Wata rana na tambaye shi labarin galmar. Ya tashi ya shiga ya ɗauko ta a naɗe cikin tsohon bargo. Ƙarfen ya cinye har ya yi siriri, da ɗan giɓi a gefe ɗaya. Ƙotar ta yi baƙi ƙirin don gumi, inda hannu yake kamawa ya lotsa. Ya kama babban yatsana ya ɗora a jikin ƙotar, ya ja shi a hankali. Na ji tsaga, na ji wata, har goma. Ya ce da galmar nan mahaifinsa ya yi dubu, wato ya ɗaure dami dubu na dawa a damina ɗaya. Duk sa'ad da dami ɗari ya shiga rumbu sai ya sa wuƙa ya tsaga ƙotar sau ɗaya. Ranar tsaga ta goma aka yi biki, aka kira shi Sarkin Noma. Baba ya ce yana yaro lokacin, shi ya miƙa wuƙar.

Tun a wurin kwaɗayi ya kama ni. Na ce ya ara mini in nuna wa yara.

“Ba a aron ta, Malam,” in ji shi. “Ko ɗiyana ba su taɓa huɗa da ita ba.”

Ban haƙura ba. Na koma, na sake komawa, na yi ta zuba masa daɗin baki. Na ce jikokinsa suna ajina, yara suna yi musu gorin asali, gara a ji abin da kakansu ya yi. Wannan maganar ce ta karya shi, kuma na san ita za ta karya shi shi ya sa na faɗe ta. Ya yarda, amma da sharaɗi. Kada ta taɓa ƙasa, kada a wanke ta, kada a shafa mata komai. Ranar kasuwa na karɓa, ya ce in kasuwa ta zagayo in maido masa da hannuna. Na ce in Allah ya yarda ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba.

Ban taɓa yin darasi irin na makon nan ba, kafinsa ko bayansa. Yara suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ɗora yatsa suna ƙirga tsagar. Muka yi lissafin rumbu nawa zai ci dami dubu. Muka shiga maganar gandu, yadda uba da 'ya'ya da ƙanne suke noma gona ɗaya su ci daga tukunya ɗaya, da gayya, yadda unguwa take taruwa a gonar mutum guda. Wani ya tambaya ko da takin buhu aka yi, na ce ya je ya tambayi kakansa me ake zubawa kafin takin buhu. Yaran unguwar Baba, waɗanda kullum suke rakuɓe a baya, ranar a miƙe suka zauna.

Ana jibi kasuwa sai labari ya zo cewa wani babban jami'i daga birni zai kawo ziyara nan da mako biyu. A nan na yi nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Na so babban nan ya ga aikina. Na so a ce a gaban hedimasta tarkacen nan ya fi duk abin da ke makarantar. Sai na riƙe galmar. Kasuwa ta zagayo ban kai ba, ban kuma aika ba. Na daina bi ta gindin tsamiya, na riƙa zagayawa ta bayan masallaci.

Hedimasta kuwa, da jin baƙo zai zo, sai ƙaunar tarihi ta sauko masa rana ɗaya. Ya sa aka ɗauko teburina aka kai ƙofar ofishinsa, aka shimfiɗa farin ƙyalle da aka aro daga gidansa. Ya sa aka rubuta sunan kowane abu a kwali. Kwaɗon da babu ma sai ga shi, sabo fil. Ya dafa kafaɗata ya ce ai shi tun farko ya san abin nan zai yi amfani.

Baƙon ya zo da hantsi, Alhaji ne mai jiki, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Bai leƙa aji ko ɗaya ba. Hedimasta ya ja shi zuwa teburin yana ta zuba, wai shi ya ga ya dace yara su san tushensu, shi ya umarci malamai su tattaro kayan. Ina tsaye a gefe ina haɗiyar baƙin ciki. Da aka zo kan galma ya rasa abin faɗa, sai ya yafito ni. Na ba da labarin dami dubu da tsaga goma, na ƙawata shi iya ƙawatawa. Alhaji ya saurara da rabin kunne, yana duba waya. Sannan ya ɗaga galmar ya jinjina, ya ce kai, abin nan ya burge shi, irin wannan in aka rataye a falo sai an kalla.

Kowa a ƙasarmu ya san abin da ke biyo bayan irin wannan magana. Babban baƙo ba ya yaba abu a gidanka ka bar shi ya tafi hannu sake. Amma abinka ake yi wa haka, ba abin wani ba. Hedimasta ya san galmar aro ce, ya san mai ita, ya san a kango yake kwana. Duk da haka ya rusuna ya ce, “Ai taka ce, ranka ya daɗe.”

Alhaji ya ce a'a, a bar wa yara. Hedimasta ya ce yara sun gama gani. Alhaji ya sake cewa a'a, shi ba zai raba makaranta da kayanta ba. Wannan ƙin na al'ada ne, kowa ya san a na uku ake karɓa, kuma tsakanin na biyu da na uku akwai sarari da ya isa mutum ya ce aro ce. Na buɗe baki. Hedimasta ya zuba mini ido, Alhaji ma ya juyo yana murmushi yana jiran abin da zan ce. Na ce Allah ya ƙara girma. Aka sa galmar a bayan mota tare da zabi biyu da buhun masara.

Motar ba ta gama fita daga gari ba na afka ofis. Ban yi sallama ba. Na ce ya san abin da ya yi kuwa. Yana cire hula yana fifita da ita, ya ce tsohon ƙarfe ne nake wa wannan haƙilo, in je maƙera a kasuwar Sabuwa a ƙero mini wata, tsohon ma ai ba gani yake ba. Ya ƙara da cewa kayan arna ne, Allah kaɗai ya san abin da aka yanka mata, shi taimakona ya yi da ya raba ajin Musulmi da ita. Wannan mutumin da ya shimfiɗa mata farin ƙyalle da safe. Na kira shi maroƙi, na kira shi ɓarawon zaune, na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Malamai suka shigo suka riƙe ni.

Ya bari sai da na yi shiru, sannan ya ce, “To kai da kake wurin, me ya hana ka magana?”

Don wannan tambayar na fi tsanarsa. Da zagina ya yi, da na daɗe da mantawa.

Washegari ya ba ni takardar tuhuma a kan rashin ladabi. Na roƙi lambar wayar Alhaji ya hana, ya ce ba a bin kyauta, in na je na zubar wa makaranta da mutunci kada in dawo. Na tambayi sauran malamai, kowa ya yi kunnen uwar shegu.

Kwana uku bayan haka Baba ya zo da kansa. Ya dogaro sanda tun daga bakin gari, ya zauna a ƙofar makaranta cikin rana har aka tashi. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce galma tana nan lafiya, an ɗan kai ta birni ne manya su gani. Ya juya fuskarsa wajen muryata.

“Kasuwa ukku ke nan, Malam.”

Ya miƙe, ya ƙi in kama masa hannu, ya koma yadda ya zo.

Sai da na yi sati biyu ina cigiya kafin in sami kwatancen gidan Alhaji. Hanyarmu kuwa kowa ya san yadda take, ba a fita sai rana ta ɗaga, mota tana tafiya kowa yana kallon daji bakinsa na motsi. Zuwan farko aka ce ya yi tafiya. Zuwa na biyu na zauna a kan benci a ƙofar gida tun hantsi har la'asar. Da aka shigar da ni ya karɓe ni da fara'a, ya zaci alfarma na zo nema. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya sha kunu. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin an biyo kyauta ba, me ya sa ban faɗa ba a ranar. Na ce tsoro na ji. Na ce amanar tsoho ce, ita kaɗai ya tsira da ita. Ya yi tsaki ya ce shi da ya sa aka gyara ta ma, da ba a ko iya taɓa ta don dauɗa.

Ya sa aka ciro ta daga bango. Da farko ban gane ta ba. An shafe ƙarfen da baƙin fenti yana ƙyalli. Ƙotar an kankare ta, an goge, an shafa mata man katako ta koma ruwan zuma. Alhaji ya ce kafinta ya sha aiki, don icen duk sara-sara ne, sai da ya ci shi sosai kafin ya yi sumul. Ya miƙo mini da hannun hagu, ya ce in ɗauka, kuma ya riƙe sunana. Bai yi ƙarya ba, kafin shekara ta ƙare aka sauya mini wurin aiki zuwa inda ba mai son zuwa.

A cikin mota na yi ta jan yatsa a jikin ƙotar, sama da ƙasa, ko zan ji alamar guda ɗaya. Babu. Na sauka a Ƙanƙara na kwana gida. Da safe na ɗauko wuƙa na zauna a tsakar gida da galmar a cinya, ina so in tuna tazarar da ke tsakanin tsaga da tsaga. Matata ta tsaya a kaina ta ce in na yi haka na haɗa ƙarya da cin amana, kuma hannun tsohon ya fi idona gani. Na yi mata tsawa, amma na ajiye wuƙar.

Na same shi a gindin tsamiya da igiyarsa. Na gaishe shi, na ɗora masa galmar a cinya da hannuna kamar yadda ya ce. Warin man ya fara kai masa, ya ɗan kau da kai. Sannan babban yatsansa ya tafi inda ya saba zuwa. Ya bi ƙotar har ƙarshe, ya dawo, ya juya ta ya bi ɗaya gefen.

“Wagga ba ita ba ce,” in ji shi.

Na ce ita ce, Baba. Ya kai hannu kan ƙarfen, ya lalubi gefe, ya tarar da giɓin nan a ƙarƙashin fenti. Ya daɗe yatsansa yana wurin.

“Aradu ita ce,” ya ce a hankali. Ban taɓa jin ya yi rantsuwar gidansu ba sai ranar.

Na kwashe duka na gaya masa, har da shirun da na yi. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan ya sauke mini. Bai yi ba. Sai bakina ya sake jawo mini. Na ce in ya yarda zan kawo wuƙa, shi ya nuna mini wuraren, in mayar da tsagar goma yadda suke.

Ya ɗago kai. “Malam, dami nawa ka taɓa ɗaurewa?”

Ya ɗauki galmar da hannu biyu ya miƙo mini.

“Tahi da ita ajinka. Ka ce ma yara galma ce.”

Ya jawo igiyarsa ya ci gaba da tufka. Na tsaya riƙe da ita har ƙafata ta gaji, sannan na tafi. Daga ranar, in na gaishe shi yakan amsa, lafiya lau, ba ya ƙarawa. Bai sake kama yatsana ba, bai sake ba ni labarin kowa ba. Ina can sabon wurin aikina na ji rasuwarsa, bayan an yi sadakar bakwai.

Hedimasta kuwa ya sami takardar yabo a kan raya tarihin gargajiya, na ji an ce har yau tana rataye a falonsa. Ni har yanzu ina koyar da tarihi, ina da tebur a bayan aji, mazarin kakata yana kai. Galmar tana gida a bayan ƙofar ɗakina, naɗe cikin bargo, ban sake kai ta aji ba. Bara wani sabon malami ya ji labarinta, ya zo har gida da zumuɗinsa yana so ya nuna wa yaransa, mako ɗaya kawai. Na ce masa ba a aron ta.